Jan dutsen Shinkolobwe: daga ina dalma ta shiga cikinsa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai karatun kimiyyar duwatsu, daga Agadas. Na ga hoton wani ma'adini mai launin ruwan goro da ake kira kurait, an ce akwai yuraniyum da dalma a cikinsa, kuma da wuya a same shi. Me ya sa yake wuyar samu, alhali ga yuraniyum jibge a ƙasarmu?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗana. Kurait yana cikin ma'adinan da ba su zo tare da dutse tun farko ba, daga baya aka haife su. Ka dubi fartanyar da aka manta a gona damina ta wuce a kanta: tsatsar da ka gani ba maƙeri ne ya sa ta ba, ruwa da iska ne suka fitar da ita daga jikin ƙarfen. Haka abin yake a nan. Uwar kurait wani baƙin ma'adini ne mai nauyi, yuraninait. Idan ya kusanto doron ƙasa, ruwan sama mai ɗauke da iskar oksijin ya riƙa ratsa shi shekaru aru-aru, sai ya ruɓe, ya fid da 'ya'ya masu launi, rawaya da kore da ja.

A 1921 ne Alfred Schoep, masanin ma'adinai ɗan Beljiyam, ya fara bayyana shi daga duwatsun da aka haƙo a Shinkolobwe, cikin yankin Katanga na Kwango, ya raɗa masa sunan Pierre Curie, masanin kimiyya ɗan Faransa. Wurin ya ba shi aiki sosai, domin daga nan ya fito da kasolait da sodiyait da wasu, har da wanda ya sa wa sunan gidan su Marie Curie, matar Pierre. A lokacin ba yuraniyum ake nema ba, radiyum ake so, wani sinadari da ake samu a cikin dutsen yuraniyum, ana kai dutsen Beljiyam a tace. Sai daga baya ramin ya shiga tarihi ta mummunar ƙofa, da aka yi amfani da yuraniyum ɗinsa wajen haɗa bam ɗin da Amurka ta jefa a Hiroshima a 1945.

Kamanninsa ba sa ɓuya. Launinsa daga ruwan goro zuwa ja mai duhu, kuma ko ka goga shi a farar tangaran layin da zai bari ruwan goro ne. Wani lokaci yana fitowa siri-siri kamar allurai, amma an fi samunsa a dunƙule. Taurinsa 4 zuwa 5 ne a ma'aunin Mohs, wuƙa mai kyau tana iya karce shi. Nauyinsa ya haura na ruwa sau 7, ya kusa kamo ƙarfe. Kuma ba ya ƙyalli a ƙarƙashin fitilar da ke sa wasu 'yan uwansa haskawa kore shar.

Yanzu ga abin da ni ya fi burge ni, kuma nan amsarka take. Dalmar da ke cikin kurait, mafi yawanta ba daga waje ta zo ba, yuraniyum ɗin ne da kansa ya rikiɗa ya zama ita. Yuraniyum yana rikiɗewa a hankali, mataki bayan mataki, ƙarshen tafiyarsa dalma. Sai dai tafiyar ta fi ta hawainiya jinkiri: kafin rabin yuraniyum mai lamba 238 ya juye, sai an yi shekara kusan biliyan 4.5. To ka ga yuraninait ɗin da bai tsufa ba bai tara dalmar kirki ba. Na Shinkolobwe ya haura shekara miliyan 600, ga shi a dunƙule, ga ruwan sama mai yawa. Da ruwa ya fara wanke yuraniyum ya tafi da wani kaso, dalmar ba ta son tafiya, ta tsaya a wurin ta haɗu da wanda ya rage. Sai waɗannan abubuwa sun haɗu a wuri ɗaya, shi ya sa wuraren da ake samunsa kaɗan ne, kamar arewacin Ostiraliya.

Yuraniyum ɗinmu na Arlit kuwa yana cikin dutsen yashi ne, a warwatse tsakanin ƙwayoyin rairayi, kuma bai kai na Katanga tsufa ba. Inda iska ta taɓa shi, kamar a Imuraren, an fi ganin 'ya'yan rawaya masu ɗauke da kalsiyam a maimakon dalma.

Idan wata rana ka riƙe shi a ɗakin gwaji, don Allah kada kyansa ya ruɗe ka. Guba biyu ce a dunƙule: haskoki marasa ganuwa na yuraniyum, da dalma, wadda mutanen Zamfara suka ga abin da ƙurarta ta yi wa yara a 2010. Kada ka daka shi, kada ka busa ƙurarsa, ka wanke hannu bayan ka taɓa, kuma a ajiye shi a rufe a wurin da iska ke shiga, nesa da ɗakin kwana, saboda iskar radon da yake fitarwa.