Tambayi Likita: Na Bar Sigari, Yaya Zan Yi Kada In Koma?

Wani direban babbar mota daga Garwa ya ce mako uku ke nan bai sha ko kara ɗaya ba, yana liƙa filastar nikotin (sinadarin da ke sa jarabar taba) a fata don rage sha'awar sigari, kuma jikinsa garau. Ko zai iya ajiye maganin, tunda da tsada?

Malam, kada ka ajiye. Wannan garau ɗin da kake ji aikin maganin ne. Filastar nikotin ana amfani da ita mako 8 zuwa 12, ana rage ƙarfinta sannu a hankali. Ƙwayar varenicline kuwa, wani maganin barin taba da ake haɗiya, mako 12 ne. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar taimaka wa manya su bar taba, ta ce a haɗa magani da shawarar ma'aikacin lafiya. Waɗanda suka kai maganin ƙarshe sun fi dorewa. In a da kana kunna karan farko cikin minti 30 da farkawa, nikotin ya kama jikinka sosai, kai ne ma ka fi bukatar kammalawa. Batun tsada, lissafa sefa nawa sigari ke cinye maka tsakanin Garwa da Ngaundare.

Wata baiwar Allah daga Marwa ta ce maigidanta ya bari, ma'aikaciyar jinya na kiransa duk mako, amma ya fara ƙin ɗaga waya, wai surutu ne. Ƙanensa kuma yana busa tasa a zaure.

'Yar'uwa, wannan surutun magani ne. Wanda ake ta bibiya da kira ya fi mai kira ɗaya tsayawa, domin a nan ake gano lokutan da sha'awar ke taso masa: bayan cin tuwo, in ransa ya ɓaci, ko in barci ya ƙi zuwa. In ya daɗe cikin ƙunci, a faɗa wa likita, damuwa na mayar da mutum ruwa. Amma ni ƙanen nan ya fi damuna. Zama da mai shan taba na cikin manyan abubuwan da ke kayar da wanda ya bari. Ki samu babba a gidan ya yi masa magana ya riƙa fita waje, a kwashe ashana da kwalayen da ke yawo. Gori kuma ki bar shi, ba ya hana kowa.

Wani matashi daga Njamena ya ce bayan wata biyu ya zuƙi kara ɗaya a majalisar shayi. Shi ke nan ya rushe?

Bai rushe ba, ɗana, amma yawancin komawa daga kara ɗaya take farawa. Ci gaba da maganinka, ka kira mai bibiyarka yau, kada kunya ta hana ka. Sha'awar mintoci kaɗan take yi ta lafa. Sa asuwaki a baki, ka tashi ka zaga. Majalisar kuwa, ɗan ƙaurace mata wata guda, ko ka zauna nesa da masu hayaƙi.