Aiki, yara da jinyar Hajiya: wanne za ki fara?

Ƙanwata, kin ce kina koyarwa a makarantar firamare, yaranki uku, ga Hajiya mahaifiyarki da ta samu shanyewar ɓarin jiki tana ɗakinki, kina tunanin ajiye aikin. Ni dai ba zan ba ki shawarar ki ajiye ba. Albashin nan shi ke sayen maganin hawan jininta, kuma maganin ba na tsallake kwana ba ne.

Inda na ga matsala shi ne yayyenki maza. Jinyar uwa ba ta 'ya mace kaɗai ba ce. Aya ta 23 a Suratul Isra'i, wadda ta yi umarni da kyautata wa iyaye, kowa ta yi wa magana. Ki kira su ku zauna, ba ta waya ba. Wane ya ɗauki kuɗin magani, wane ya riƙa kai ta gashin ƙashi asibiti, wane ya biya mai aikin da za ta zauna da ita daga bakwai zuwa biyu. A rubuta a takarda, don alkawarin baki ba ya wuce wata guda (na gani a gidanmu).

Ita mai aikin ki koya mata juya Hajiya duk bayan awa biyu, saboda gyambon kwanciya.

Idan kina cikin inshorar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, ki sani miji ko mata da yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 take ɗauka. Ki tambayi yadda ake saka iyaye da ƙarin kuɗi.

Yaran kuwa, babbar ta riƙa miƙa wa kakarta ruwa da yi mata hira, amma kada ki ɗora mata wanka da ɗagawa.