Gaban Fijo 504 ya sunkuya bayan sauya inji: wane sifirin ya dace?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna, wadda na gada daga mahaifina. Da injinta na fetur ya gaji sai na sa aka ɗora mata na dizal, XD2. Injin yana aiki lafiya, amma gaban motar ya sauka da kusan santimita 4, kuma duk lokacin da na faɗa rami ina jin ƙasan yana buguwa. Bakanikena ya ce mu sa sifirin na a-kori-kura domin ya fi kauri, wani kuma ya ce a cusa roba a tsakanin zagayen wanda ke jiki. Wanne ya kamata in bi? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifi. Ban ga dalilin bin ko ɗaya daga cikin shawarwarin biyu ba kafin ka auna motar, domin duka biyun an gina su ne a kan zaton cewa magani shi ne ƙara tauri, alhali tsayin mota daban ne, taurin sifirin kuma daban.

Injin fetur da aka fi sani a wannan mota shi ne XN1 mai cc 1971, na dizal ɗin da ka sa kuwa cc 2304 ne, kuma ya fi nauyi. Bayan nauyinsa na kansa, yakan zo da babban batir da sitata mai ƙarfi, wani lokacin har da lagireto mai faɗi. Wurin da nauyin ya zauna ma yana da tasiri. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya a salun mita 2.74 ce, saboda haka kilo 20 da aka ajiye santimita 40 gaba da layin tayoyin gaba yana danna su da kusan kilo 23, yana kuma rage wa na baya kilo 3. Wannan ne ya sa ba na amincewa da nauyin inji da wani zai faɗa da ka; sikeli kaɗai ke raba gardama.

Idan ka sami sikelin auna manyan motoci, ka hau da tayoyin gaba kaɗai, sai dai irin wannan sikeli yakan yi tsalle ne kilo ashirin-ashirin, don haka ƙiyasi zai ba ka. Na fi son sikelin buhu mai ɗaukar kilo 500, a auna kowace taya ita kaɗai, a tokare sauran ukun da katako su yi daidai da tsayin sikelin, direba yana zaune, tanki yana da rabin mai. Tunda ba ka auna taka ba kafin a sauya injin, ka nemi wata 504 salun mai fetur a auna ta ta wannan hanya, bambancin da ke tsakaninsu shi ne abin da muke nema. Daga abin da sikeli ya nuna za a cire nauyin taya da birki da abin da ke haɗe da su, domin sifirin ba ya ɗauke da waɗannan.

Bari in yi misali da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi, ba don su ne na motarka ba. A ce kowane sifirin na gaba yana ɗauke da kilo 300 a da, yanzu kuma 330, taurinsa kuwa kilo 1.5 ne a kan kowace milimita da ya lotsa. Ƙarin kilo 30 zai saukar da motar milimita 20 ne kawai. Kai kuwa ka ga kusan 40. To ina sauran 20 ɗin? Galibi tsufa ne. Sifirin da ya shekara talatin ko arba'in a ƙarƙashin mota yakan rasa tsayinsa, amma taurinsa ba ya canzawa sosai, kuma robar da ke saman shokazoba ita ma tana lanƙwamewa. Ke nan mai yiwuwa rabin matsalarka ta girmi sabon injin, nauyin ne kawai ya tona ta.

Ka'idar da nake aiki da ita ita ce a ƙara tauri da gwargwadon yadda nauyi ya ƙaru. A misalin nan nauyi ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari, saboda haka sifirin mai kilo 1.65 a milimita ake buƙata. Da wannan sifirin, motar za ta ci gaba da lilo a hankali, kusan sau ɗaya da ɗan ɗori a daƙiƙa, wanda shi ne laushin da ya sa mutane suka ƙaunaci Fijo a kan hanyoyinmu tun da aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975. Akwai kuma wani sauƙi a ciki: kilo 300 a kan 1.5 yana lotsa milimita 200, kilo 330 a kan 1.65 ma milimita 200 ne, wato sabon sifirin zai kasance da tsayi ɗaya da na asali lokacin yana sabo, motar kuma ta koma inda take. Lissafin ya zo da sauƙi ne domin a 504 sifirin yana zagaye da shokazoba, kusa da taya. A tsofaffin motocin Amurka irin Ford Mustang ta 1965, inda yake zaune a kan hannun sama, wato ƙarfen sama da ke haɗa taya da jikin mota, nesa da taya, sai an shigar da wannan tazara cikin lissafi.

Yanzu ga batun a-kori-kura. Taurin sifirin yana bin kaurin wayarsa ne ninki huɗu a kan kansa, abin da ido ba ya iya ganewa. Ana lissafa shi kamar haka: a ninka kaurin waya da kansa sau huɗu, a ninka da 79,000, wato adadin taurin ƙarfen da ake yin sifirin da shi, sannan a raba da 8, da faɗin zagaye ninki uku a kan kansa, da yawan zagayen da ke aiki, a ƙarshe a raba da 9.8 don a sami kilo a milimita. Faɗin zagaye daga tsakiyar waya zuwa tsakiyar waya ake auna shi, kuma ba a ƙirga zagayen da ke kwance a mazauninsa sama da ƙasa. Waya mai milimita 13, faɗi 140, zagaye 7, tana ba da kilo 1.5. Idan aka ƙara milimita ɗaya tak, ta zama 14, tauri ya kai kilo 2, ƙarin kusan kashi 35 cikin ɗari, ga motar da kashi 10 take buƙata. Sakamakon shi ne gaba ya ɗaga, hasken fitila ya tashi sama, motar ta riƙa buga ƙashi a kan gargada, a kwana kuma gabanta ya nemi wucewa miƙe, domin an bar baya da laushinsa. Ban ce sifirin a-kori-kura ba zai taɓa dacewa ba. Na ce a auna wayarsa da zagayensa da tsayinsa tukuna. Wanda zan fara nema kuwa shi ne na 504 salun mai dizal, tunda kamfanin da kansa ya fitar da ita da wannan inji, ya kuma riga ya yi mana lissafin.

Robar da ake cusawa tsakanin zagaye ban yarda da ita ba ko kaɗan. Tana kashe zagaye ɗaya, ta tara wahalar a kan sauran, kuma takan fita a hanya. Zoben da ake sawa a ƙarƙashin mazaunin sifirin ya fi ta, domin yana ƙara tsayi ba tare da taɓa tauri ba, amma gyara ne na milimita 10 zuwa 15, kuma dole a tabbatar zagayen ba za su haɗu ba kafin robar tsayarwa, wadda ke tare motar idan ta nutse har ƙasa, ta karɓi bugun. Gasa sifirin da wutar walda don a miƙar da shi kuwa lalata ƙarfe ne, ba zai daɗe ba zai sake zama ko ya karye.

Buguwar da kake ji ba lallai daga sifirin kaɗai take ba. Shokazoba ba ta ɗaukar nauyin mota, amma idan ta mutu gaba zai riƙa nutsewa har ƙasa a kowane rami, kuma inji mai nauyi ya fi buƙatar lafiyayyiya. A sauya sifirin biyun tare, da na'urar matse sifirin ta gaske, ba igiya ko waya ba, domin ƙarfen da aka matse da kilo 300 yana iya kashe mutum idan ya kuɓuce. A ɗaure kusoshin bushin, wato robobin mahaɗar ƙarafan da ke riƙe da taya, bayan an sauke motar a kan tayoyinta, a yi tafiyar kwana biyu ko uku, sannan a auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi a ɓangarorin biyu. Idan ya yi daidai, sai a kai ta alaimen, a kuma saita fitilu.