Katin Bashi da Ranar Sabunta Bashin Gida a Ingila

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka. Ka ce za ka zo Manchesta karatun digiri na biyu, kuma wani ya ba ka shawara da ka iso ka buɗe katin bashi biyu ko uku, ka riƙa kashewa sosai don bankuna su san ka, ta haka za ka mallaki gida da wuri. Rabin maganarsa gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa shi ya ci ni.

Gaskiyar ita ce, a nan wanda bai taɓa cin bashi ba baƙo ne a idon banki. Akwai manyan kamfanoni uku da ke ajiye tarihin bashin mutane: Experian, Equifax da TransUnion. Ranar da ka sauka, ba su da komai a kanka, komai kyawun sunanka a bankinka na Kano. Saboda haka kati ɗaya yana da amfani, in za ka sayi cefane da shi ka biya duka a ƙarshen wata. Ka kuma yi rajistar masu zaɓe a adireshinka, tunda ɗan Najeriya mai izinin zama yana da wannan dama, kuma bankuna na duba ta wajen tabbatar da kai.

Abin da bai gaya maka ba shi ne, bashin gida a ƙasar nan ba sau ɗaya ake ƙulla shi ba. Za a ba ka shekara 25 ko fiye ka biya, amma tsayayyen farashin kuɗin ruwa da kuka yi yarjejeniya a kai galibi shekara biyu ne ko biyar. Da ya ƙare, ko dai ka nemi sabuwar yarjejeniya, ko banki ya mai da kai kan farashinsa na yau da kullum, wanda ya fi tsada ƙwarai. In kuwa za ka koma wani banki, sai an sake tankaɗe ka tamkar sabon mai nema. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ni na sayi gida a 2021, lokacin kuɗin ruwan Babban Bankin Ingila yana kashi 0.1 cikin ɗari. Na ɗauki shekara biyu. A tsakanin nan kuɗin takardun zaman dindindin na iyalina ya taso, ga bikin ƙanwarmu a gida, ga rufin ɗakin Hajiya da damina ta lalata. Duk na ɗora a kati, kusan fam dubu tara, ina biyan ɗan abin da suka ce dole kowane wata. Ban taɓa makara ba ko sau ɗaya, don haka hankalina kwance. Kafin wa'adina ya cika a ƙarshen 2023, kuɗin ruwan nan ya kai 5.25. Na je neman banki mai sauƙi, dillali ya zauna ya yi mini lissafi. Bankin ya ɗauki kashi 3 cikin ɗari na abin da ke kan katunana, wato fam 270, a matsayin nauyin da ke kaina duk wata, ya cire daga abin da yake ganin zan iya biya. Abin da suka yarda su ba ni bai kai ragowar bashin gidan ba. Albashina bai ragu ba, tarihina ba tabo, amma ƙofa ta rufe. Dole na zauna da tsohon bankina, wanda ba ya sake binciken in ba ƙari kake nema ba, na karɓi farashin da ya ga dama.

Har yau abin na yi mini ciwo, don ba almubazzaranci na yi ba, hidimar gida ce. Kai ma za ta same ka. Da an ji ka taka Turai, waya ba za ta huta ba. Ka taimaka daga abin da ka samu, kada ka taimaka daga kati.

Makara kuwa ta fi wannan muni. Biyan da ka tsallake, ko bashin da aka rubuta ka gaza biya, shekara shida yake yi a tarihinka. Ɗalibi da ya yi sakaci da fam ɗari biyu a shekararsa ta farko zai tarar da shi yana jiransa ranar da ya tashi sayen gida. Ka sa banki ya riƙa cire kuɗin katin kai tsaye daga asusunka. In lokacin sabuntawa ya rage wata shida, kada ka buɗe sabon kati ko ka ɗauki mota bashi, ka rage na kanka iya ƙarfinka. Za a ce maka ka narkar da bashin kati cikin na gida. Biyan wata zai sauka, amma ka shimfiɗa bashin shekara biyu a kan shekara ashirin, kuma yanzu gidanka ne jingina.

Na san batun riba na ranka, kamar yadda yake raina. Wanda ya biya duka kuɗin sayayyar da ya yi da kati kafin wa'adi ba a ɗora masa ruwa, amma malamai sun saɓa a kan sa hannu a yarjejeniyar kanta, sai ka tambayi wanda ka amince da iliminsa. Akwai bankunan da ke taimaka wa mutum sayen gida bisa tsarin Musulunci, irin su Gatehouse Bank, inda kai da banki kuke tarayya a gidan, kana biyan haya kana sayen kasonsu a hankali. Su ma sai sun buɗe wannan tarihin sun ƙirga bashin katinka kafin su amsa maka.

Ka gaida Baba da Hajiya. In ka samu biza ka sanar da ni ranar tashi, in zo filin jirgi in ɗauke ka.