Tambaya da Amsa: Turancin Lissafin Fansho

Tambaya: Malam ina karatun tattalin arziki, kullum sai na ci karo da dependency ratio da replacement rate, wallahi sun rikita ni.

Amsa: Ɗana kwantar da hankalinka. Na farkon, yara 'yan ƙasa da shekara 15 da tsofaffi daga 65 ake haɗawa a auna su da kowane mutum 100 masu shekara 15 zuwa 64, shi ya sa Japan ke cikin damuwa, don can kusan tsoho ɗaya ne kan masu ƙarfin aiki biyu, ga kuɗin asibiti ga fansho. Na biyun kuwa fanshonka ne idan aka gwada da albashin da kake ɗauka kafin ritaya, albashi dubu 100 fansho dubu 40, kashi 40 kenan.