Bangon gida ya tsage, ɗan kwangila ya ce ba ruwansa

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ba wani ɗan kwangila aikin gina mini gida a unguwar Ali Ɗan Sofo, muka yi jinga a kan kuɗi guda, shi ne kuma ya sayi siminti da rodi. Bayan damina biyu bangon falo ya tsage daga ƙasan taga har tushe, tsagar da yatsa ke shiga, rufin siminti kuma yana yoyo. Ya ce tunda na karɓi makulli, shi ya fita. Ina da inshorar gobara a kan gidan. Me doka ta ce?
Mai karatu, daga Maraɗi

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, karɓar makulli ba ta wanke shi ba. Aya ta 1792 ta kundin dokar farar hula, wanda Nijar ta gada daga Faransa, ta ɗora wa ɗan kwangila da mai zanen gini alhakin shekara 10 idan ginin da aka yi jingarsa ya lalace, duka ko wani sashe, saboda aibin aiki, kai ko da aibin daga ƙasar wurin yake. Saboda haka ba zai fake da cewa ƙasa ce ta zauna ba, domin duba ƙasa kafin haƙa tushe aikinsa ne.

Jingar da kuka yi ita ce ƙarfinka. Da kai ne kake sayen kaya kana biyan magini kuɗin yini, kamar yadda aka fi yi a garin nan, da maganar ta yi wuya, tunda zai iya cewa kai ka rage siminti ko ka kawo siririn rodi. Sai dai ba ka ambaci takarda ba, kuma a nan ne nake jiye maka. Ka tattara rasit, da shaidar kuɗin da ka tura, da saƙonnin WhatsApp, da mutanen da aka yi cinikin a gabansu. Kada ka bari a shafe tsagar da siminti tukuna, komai munin da take yi a ido, sai wisiye, wato jami'in shari'a da kotu ke karɓar rahotonsa a matsayin shaida, ya zo ya rubuta abin da ya gani, injiniya kuma ya bayyana ko tsagar ta shafi ƙarfin ginin ko ta shafe ce kawai, domin ƙaramar tsagar shafe ba ta shiga wannan aya. Daga nan a gwada sulhu a gaban mai unguwa, a rubuta abin da aka daidaita a kai. Idan ya ƙi, sai babbar kotun Maraɗi.

Inshorar gobara kuwa ba ta biyan aibin gini. Wadda za ta yi maka amfani ita ce inshorar alhakin shekara 10 da ɗan kwangila ke yanka wa kansa, abin da ƙananan ƴan kwangila ba su cika damuwa da shi ba. Ka nemi ya nuna maka takardarta tare da shaidar biya, domin a ƙarƙashin dokar CIMA, wato dokar inshora ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijar ke bi tun bayan yarjejeniyar Yawunde ta 1992, aya ta 13 ta ce inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Idan ba shi da ita, daga aljihunsa zai yi gyaran.