Na Karɓo Kyanwa, Yanzu Ina So In Mayar Da Ita

Tambaya: Anti, ina wuni. Mako biyu ke nan da na karɓo kyanwa daga wajen masu ceton dabbobi, saboda ɓeraye sun addabe mu a gidan haya a unguwar Nima, Accra. Tun da ta zo tana ƙarƙashin gado, ko ɓera ɗaya ba ta kama ba, kuma ta yi mini fitsari a kan darduma. Ga shi ina da juna biyu, surukata ta ce kyanwa tana ɓarar da ciki. Maigidana ya ce a sa ta a buhu a yar a bakin babbar kwata. In mayar da ita ne, ko yaya?

Amsa: 'Yata, maganar buhu dai a bar ta. Kyanwar da ta saba a ba ta abinci, in aka yar da ita a bakin kwatar Nima, ko yunwa ta kashe ta, ko mota, ko ta faɗa hannun masu cin namanta, don kin san akwai su a garin nan. Ki tuna wa maigida hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba.

Amma mako biyu ya yi kaɗan ki yanke mata hukunci. Ko amarya sai ta kwana biyu kafin ta saki jiki a gidan miji. Wata kyanwar sai ta yi wata biyu ko uku kafin ta san nan gidanta ne, kuma wadda take a tsorace ba ta farauta. Ki daina janyo ta daga ƙarƙashin gado. Ki ajiye mata ruwa da abinci kusa da wurin, can gefe guda kuma tsohuwar roba mai faɗi cike da yashi. Fitsarin darduma, galibi rashin wannan yashin ne. Kar ki ba ta miyarmu mai albasa da tafarnuwa, suna lalata mata jini. Kifi ko nama da aka dafa ba kayan yaji ya fi mata. Kada kuma ki ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Surukarki ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba. Akwai cutar toksoplasma da ake samu a kashin kyanwa, tana kuma iya cutar da jinjiri a ciki. Sai dai ƙwayar cutar ba ta zama mai haɗari sai kashin ya kwana, shi ya sa ake kwashewa kullum. Wannan aikin maigida ne har ki sauka lafiya, tunda shi ma ɓerayen sun dame shi. Ana kamuwa da ita ta naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba, to a nan ma ki kula, ki kuma faɗa wa ungozoma a wajen awo cewa akwai kyanwa a gida.

In bayan duk wannan zaman ya gagara, ko mai gidan hayar ya ce bai yarda ba, ki kira waɗanda suka ba ki, ki mayar musu. Ba abin kunya ba ne. Ki dai gaya musu gaskiyar halinta, har da batun darduma, don su san wa za su ba. In kuwa za ta zauna, ki tambaye su ko an yi mata aikin hana haihuwa. Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar, cikin nata kuma kwana 63 zuwa 65 ne kawai. Da yawan waɗanda ake yarwa, daga nan abin yake farawa.

Tambaya: Hajiya, na gama gini a Kasoa, ina son karen gadi. Wani a Facebook yana sayar da ɗan kwikwiyon Boerboel, ya ce in tura rabin kuɗi ta MoMo, wato ta waya. In saya?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a gida. Kada ka tura ko sidi ɗaya kafin ka je da ƙafarka ka ga kwikwiyon da uwarsa da katin rigakafi. Sannan ka yi lissafin abin da ke gaba, don kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta. Boerboel karen Afirka ta Kudu ne, yana iya wuce kilo 60, yana kai shekara 10, kuma ba ya rayuwa da ƙanzo. Wa zai ciyar da shi, wa zai horar da shi? In uwargida da yara ba za su kusance shi ba, ƙarshenta sarƙa ce dare da rana, karen sarƙa kuwa shi ne yake cizon almajiri da baƙo. Ni da za ka ji tawa, karen gida namu na nan ya fi jure zafi da cuta, haushinsa kuma ya isa ya tashi unguwa. Masu ceton dabbobi suna da su, sau da yawa da rigakafinsu. Ka tambaye su tun farko ko za su karɓa in abin bai yi ba. Mai sayarwa a intanet ba zai karɓa ba. Kowanne ka ɗauka, allurar haukar kare dole ce tun yana wata uku, a riƙa sabuntawa. Asibitin dabbobi na gwamnati da ke unguwar La a Accra yana yi. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar.

Tambaya: Anti, ɗana ya nace sai na saya masa aku mai jan wutsiya.

Amsa: Kar ki saya. Aku yana iya yin shekara 40 zuwa 60, ɗokin yaro kuwa ba ya kai Sallah biyu. Bincike ya nuna Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na wannan tsuntsun tun daga 1992, kuma a 2016 taron CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji, ya hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Ki sama masa tattabaru biyu da ɗan akurki, hatsinsu da ruwansu su zama a wuyansa.